Yadda Yaron Zango Zai Yi Shekarunsa na Amaca a Golf Kafin Ya Zama Furo

Da zarar yaro ya fara aika ƙwallo yadi 270 a filin golf na Achimota, sai ka ji an fara zuga shi ya mai da wasan sana'a: kai ai furo ne, me kake jira? Masu faɗin haka ba da mugun nufi suke faɗa ba, amma ba su ne za su biya masa kuɗin mota da na masauki ba ranar da ya buga kwana biyu aka sallame shi ya dawo Nima hannu rabbana. Da ƙannena na Nima da Mamobi da Fadama da Madina nake magana, waɗanda suka ɗauki golf da gaske, da kuma iyayenmu da ke tambayar ko akwai abinci a cikin wannan wasa. Akwai, amma ba ga kowa ba, kuma ba da wuri ba. Shekarun da matashi zai yi yana amaca, wato yana buga wasa ba a matsayin sana'a ba, su ne jarinsa. A cikinsu ne zai faɗi gasa ya kwana da cikinsa a ƙoshe, kuma a cikinsu ne ake buɗe masa ƙofofin da za su rufe ranar da ya ce ya zama furo.

Da farko, ka sami wurin tsayawa a kulob

Golf ba kamar ƙwallon ƙafa ba ne da za ka kafa duwatsu biyu a lungu ku fara. Sai da fili, filayen kuwa na kulob ne. A Accra da kewayenta akwai Achimota mai ramuka 18, wanda aka kafa a 1934, akwai Celebrity a Sakumono, akwai na Tema, akwai Bok Nam Kim a Burma Camp. Achimota ya sami wurin koyo da atisaye a aikin gyaran filayen Ghana da Paul McGinley ya yi, mutumin da ya jagoranci Turai a gasar Ryder Cup ta 2014.

Ɗan zango yana da hanya biyu ta shiga: shirin koyar da yara na kulob, ko aikin kadi, wato ɗaukar wa mai wasa jaka. Kada ka ji kunyar ta biyun. Seve Ballesteros na Sifen da Lee Trevino na Amurka da ɗaukar jaka suka fara. Papwa Sewgolum na Durban kadi ne, kuma ya ci babbar gasar ƙasar Holan sau uku, a 1959 da 1960 da 1964. Kadi yana koyon karatun girin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, da na iska yana karɓar kuɗi a kai, abin da ɗan mai hali ke biya a koya masa.

Ka je da babanka ko wani yayanka mai mutunci, kada ka je kai kaɗai. Ku gaida shugaban kadi, sannan sakataren kulob, ku yi tambaya uku: wace rana ake barin 'yan kadi su buga fili, nawa ne kuɗin zama mamba na yara, kuma ta wace hanya kulob zai sa sunanka a tsarin handikaf, wato lambar da ke nuna ƙarfin wasanka. Ka sa riga mai kwala ka cusa ta cikin wando. Doka ta yarda da sanduna 14 a jaka, amma 7 na hannu sun ishe ka shekarar farko: direba na bugun nesa, sandunan ƙarfe da ake kira ayan 5 da 7 da 9, weji biyu na gajeren bugu, da fota ta gangara ƙwallo cikin rami. In kuɗi ya shigo, canja robar mariƙin sandunanka kafin ka yi mafarkin sabon direba.

Na biyu, handikaf na gaskiya

A wajen ƙasa babu wanda zai ga bugunka kafin ya gayyace ka. Takarda za a gani. Tun 2020 duniya ta koma tsarin handikaf guda ɗaya a ƙarƙashin hukumomi biyu masu kafa dokokin golf a duniya, R&A da USGA. Da katunan lissafin bugu na ramuka 54, wato cikakken zagaye uku, ana iya ba ka lambarka ta farko. Idan katunanka suka kai 20, sai a ɗauki 8 mafi kyau cikin 20 na baya-bayan nan a fitar da matsakaici, bayan an auna wuyar filin da ka buga. Lamba mafi girma ita ce 54.0. Inda kake so ka kai shi ne sifili, daga nan ka gangara ƙasa da shi, inda ake sa wa lambar alamar tarawa.

Ka miƙa kowane kati, har da na ranar da ka buga 88 kana jin kamar ƙasa ta tsage ka shige. Yara biyu ne ke cutar kansu a nan. Na farko yana ɓoye katunansa masu kyau don lambarsa ta zauna sama ya riƙa kwashe kyaututtukan ƙarshen wata. Na biyu yana ɓoye munanan don a ce ya kai 2, sai a tura shi Kumasi ya wakilci kulob ya buga 84 da 86. Duka biyun ana gane su, kuma mutanen golf a Ghana ba su da yawan da za a manta da suna.

Kafin ka sa hannu a kati, zauna da wanda ya rubuta maka ku bi ramuka ɗaya bayan ɗaya. In ka sa hannu a kan lambar da ta gaza abin da ka buga a wani rami, an kore ka daga gasar. In ta fi, haka za ta zauna. A gasar Masters ta 1968 an rubuta wa Roberto De Vicenzo 4 a rami na 17 alhali 3 ya buga, ya sa hannu bai duba ba, wannan bugu ɗaya ya hana shi karawar raba gardama da Bob Goalby. Ka sauke littafin dokoki na R&A a wayarka, kyauta ne. Ka san cewa minti 3 kawai ake neman ƙwallon da ta ɓace, kuma daga tsayin gwiwa ake sakin ƙwallo, duka tun gyaran 2019.

Na uku, atisayen da ke rage bugu

Yawancin yaranmu direba suke so, domin shi ke sa mutane su juyo. Amma duba lissafi: a filin da ƙa'idarsa bugu 72 ce, wato adadin da aka ware wa gwani ya gama ramuka 18, 36 daga ciki an ware su ne wa fota, biyu a kowane girin. Nisa yana da amfani ƙwarai, kada wani ya ce maka ba shi da shi, sai dai yaron da ke tsakanin 78 da 82 ba a rashin nisa yake zubar da bugunsa ba. Yana zubarwa ne a ƙwallon da ta shiga daji, da fota uku a girin ɗaya, da gajeren bugun da ya wuce rami ya bar shi da taku goma.

Sayi ƙaramin littafi. Bayan kowane zagaye ka rubuta abu biyar: sau nawa bugun farko ya sauka a tsakiyar fili, girin nawa ka hau a kan ƙa'ida cikin 18, fota nawa, sau nawa ka kuskure girin amma ka ceci ramin da bugu biyu, da bugun hukunci nawa aka ɗora maka. Bayan zagaye goma littafin zai gaya maka abin da abokanka ba za su gaya maka ba. Don ka san ma'auni, manyan 'yan wasan PGA Tour, gasannin furo na Amurka, wajen girin 12 suke hawa cikin 18, kuma daga nisan ƙafa 8 rabin fotarsu ce ke shiga. Saboda haka kada ka jefar da sanda don ka kuskure daga ƙafa 15. Wanda bai kamata ka kuskure ba shi ne na ƙafa 3 zuwa 4, kuma nan za ka zauna: ka jera ƙwallaye kewaye da rami, ka zuba 30 a jere, in ɗaya ta kauce ka koma farko. Na 28 da na 29 ne za su koya maka yadda hannu ke rawa a ranar gasa.

Da weji kuwa, ka san bugunka na yadi 30 da 50 da 70 da 90 kamar yadda ka san hanyar gidanku. Ka auna da taku, ka rubuta, ka maimaita. Rana ɗaya a mako ka buga ramuka 9 da ƙwallo ɗaya tak, ba sake bugu, ba ɗauke ƙwallo don ta kusa rami.

Yanayin ƙasarmu malami ne in ka saurare shi. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙasa ta bushe, ƙwallo tana gudu bayan ta sauka, sai ka koyi sauke ta gaban girin ta gangara da kanta. Da damina ciyawa ta yi kauri, ƙwallo tana tsayawa inda ta faɗi, sai ka ƙara sanda ɗaya. A Sakumono da Tema iskar teku ce za ta tilasta maka bugun ƙasa-ƙasa. Wanda ya iya Achimota kaɗai bai iya golf ba tukuna.

Zagaye ɗaya yana cin kusan awa huɗu zuwa biyar a ƙafa, don haka ka tsara sallarka tun kafin ka fita, ka ɗauki ruwa da ayaba. Da azumi ka rage doguwar tafiya, ka mayar da watan na fota da weji, bayan asuba ko gab da magariba. Ka nemi furo ɗaya mai koyarwa ka tsaya a kansa. Kowane mamba da ka ɗaukar wa jaka zai so ya gyara maka riƙo, ka ce na gode Alhaji, ka ci gaba da abin da malaminka ya ce.

Na huɗu, kuɗi: nan ne ake zamewa ba a sani ba

Wannan sashen ka karanta shi tare da iyayenka. A ranar 1 ga Janairu 2022 R&A da USGA suka sabunta dokokin matsayin amaca, suka sassauta su sosai, amma har yanzu abu huɗu suna fitar da kai: karɓar kyautar da doka ba ta yarda da ita ba, shiga gasa da sunan furo, karɓar lada don koyar da bugu, da kama aikin furo a kulob ko zama ɗan ƙungiyar ƙwararru.

Iyakar kyauta fam 700 ce ko dala 1,000 a gasa ɗaya, kuma hukumar ƙasa tana da ikon sa iyakar da ta gaza haka, don haka ka tambayi hukumar golf ta Ghana, GGA, adadinta da sidi. A gasar da ake lissafin bugu tsurarsa ba ragin handikaf, kana iya karɓar tsabar kuɗi har zuwa wannan iyaka. A gasar handikaf kuwa ba ka karɓar tsabar kuɗi ko sidi ɗaya, sai kaya ko takardar sayayya da ba su wuce iyakar ba. In an miƙo maka ambulan a wajen rabon kyauta, kafin ka sa a aljihu ka tambayi kyaftin wace irin gasa aka rubuta. Ba rashin kunya ba ne. Wanda ya jefa ƙwallo rami da bugu ɗaya, kyautarsa ba ta shiga wannan iyaka.

Ga tarkon 'yan kadi. Ɗaukar jaka a biya ka ba ya taɓa matsayinka, haka aiki a shagon kulob. Gaya wa mai gidanka ya ɗauki ayan 7, ko girin ya karkata hagu, duk aikin kadi ne. Amma ranar da wani mamba ya ce, zo filin atisaye ka gyara wa ɗana yadda yake lilo da sanda, ga sidi 100, ka shiga koyarwa don lada. Akwai keɓewa, kamar shirin koyarwar da hukumar ƙasa ta amince da shi tun kafin a fara, amma yarjejeniyar baki tsakaninka da mamba ba ta ciki. Na san ƙin kuɗi yana da wuya ga wanda ake jira ya kawo na cefane. Ka ce masa, Alhaji, in taimakona za ka yi, biya mini kuɗin shiga gasa ko na motar Kumasi. Wannan halal ne a sabuwar doka: amaca yana iya karɓar tallafin tafiya da masauki da kayan wasa, har ya ƙulla yarjejeniyar talla da kamfani ya sa tambarinsu a hularsa.

In kana ganin dokar ta yi tsauri, dubi Nick Dunlap. A Janairun 2024, yana ɗalibi mai shekara 20, ya ci gasar The American Express ta PGA Tour, amaca na farko da ya yi haka tun Phil Mickelson a 1991. Kyautar dala miliyan 1.5 da ɗoriya bai taɓa ta ba, ta tafi ga na biyu, Christiaan Bezuidenhout na Afirka ta Kudu. Abin da ya samu shi ne kujera a gasannin manya, sannan ya zama furo bayan 'yan kwanaki.

Sai caca. Za a ce maka ku sa ɗan wani abu a kan ramuka tara don wasa ya yi zafi. Dokar golf ba ta hana ƙaramin abu tsakanin abokai ba, amma addininmu ya hana, kuma yaron da ya saba buga wasa don kuɗin aljihun wani yakan fara neman handikaf na ƙarya.

Na biyar, gasa: gida, maƙwabta, sannan nahiya

Ka fara da gasar wata-wata ta kulob ɗinka da gasannin yara. Idan lambarka ta sauko ƙasa da 10, ka karɓi jadawalin shekara na GGA ka zaɓi gasa biyar ko shida a filayen da ba naka ba: Royal a Kumasi, inda ake gasar Asantehene, da Tema, da Tafo, da Takoradi, da filayen garuruwan ma'adinai irin su Obuasi da Damang. Ka isa kwana ɗaya kafin gasa, ka zagaya filin da littafinka, ka rubuta inda ba a son ƙwallo ta je a kowane rami. Idan aka haɗa amaca da furo a gasa ɗaya, ka nemi shiga ko da na ƙarshe za ka zo. Ka tsaya ka kalli yadda irin su Vincent Torgah da Emos Korblah ke fita daga matsala da asarar bugu ɗaya maimakon uku.

Tun yanzu ka gyara takardunka: takardar haihuwa, Ghana Card, fasfo, da katin rigakafin shawara. Shekarunka na gaskiya ka rubuta, kuma su zo ɗaya a ko'ina. Togo da Kwaddibuwa da Najeriya ba sa buƙatar biza ga ɗan Ghana, kuma tun Nuwamban 2023 haka yake da Afirka ta Kudu ga gajeriyar ziyara.

Abin da kake farauta a wannan mataki shi ne sunanka ya hau jadawalin amaca na duniya, WAGR, wanda R&A ta fara a 2007, aka ƙara na mata a 2011. Yana lissafa sakamakon makonni 104 da suka wuce, kuma ba kowace gasa ake ƙirgawa ba, sai wadda aka yi wa rajista, yawanci mai ramuka 54 zuwa sama. Kafin ka kashe kuɗin jirgi, duba shafinsu ka ga ko gasar tana ciki. Wannan jadawali yana cikin abin da ake dubawa wajen gayyata zuwa gasar amaca ta Afirka, wadda R&A ta fara a Fabrairun 2024 a Leopard Creek, Afirka ta Kudu. Altin van der Merwe da ya ci ta farko ya sami gurbi a babbar gasar The Open ta Birtaniya a Royal Troon a shekarar. Ana yin ta mata a tare da ita, don haka ƙannena mata, hanyar ba ta maza kaɗai ba ce, kuma dogon wando da ɗankwali ba sa hana lilo da sanda. Furo ba shi da hurumin shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Na shida, kada ka ajiye boko

Jami'o'in Amurka suna ɗaukar 'yan golf da tallafin karatu, amma sakamakon WASSCE suke fara dubawa, sannan hukumarsu ta NCAA ta binciki duk kuɗin da ka taɓa karɓa a wasa, da dokokinta na kanta. Ka ajiye rasit na komai. Tiger Woods ma ta jami'ar Stanford ya bi, bayan ya ci gasar yara ta Amurka sau uku a jere daga 1991 zuwa 1993, ya kuma ci ta manyan amaca sau uku daga 1994 zuwa 1996, kafin ya zama furo yana da shekara 20. Ko ba ka tafi ko'ina ba, furo da ba ya iya karanta kwantiragi wani ne zai ci guminsa.

Na bakwai, auna kanka kafin ka tsallaka

Wannan ma'aunina ne, ba dokar kowa ba, amma zan tsaya a kansa. Ɗauki katunan gasa 20 na ƙarshe da ka buga a filayen da ba naka ba, daga ti na baya, wato wurin fara bugu mafi nisa da rami. In matsakaicinsu bai kai ƙa'idar fili ko ƙasa da ita ba, da saura. Ka taɓa cin babbar gasar amaca a Ghana fiye da sau ɗaya? Ka taɓa kwana kana kan gaba, ka tashi da safe ka riƙe? Ka buga da furo ka tsallake yankan kwana biyu, inda ake sallamar waɗanda ke baya? In amsar ɗaya daga ciki a'a ce, ƙarin shekara ɗaya ba asara ba ce.

Sannan lissafin aljihu. Furo shi ke biyan kuɗin shiga, da mota ko jirgi, da masauki, da abinci, da kadi, kuma a yawancin gasanni wanda bai tsallake yanka ba ba a ba shi komai. Justin Rose ya zo na huɗu a The Open ta 1998 yana da shekara 17, washegari ya zama furo, ya faɗi yanka sau 21 a jere. Ya farfaɗo har ya ci US Open a 2013 da zinaren Olamfik a 2016, amma yana da masu riƙe shi a shekarun nan. Kai wa zai riƙe ka? Ka rubuta kuɗin shekara guda cif, gasa bayan gasa, kada ka sa kyautar da kake fatan ci a lissafin. In babu wanda ya ɗauki nauyin wannan adadi a rubuce, ba ka shirya ba. Kada a sayar da fili ko jarin mama a kai.

Ka kuma yanke wane irin furo kake so ka zama. Akwai mai yawon gasa, akwai mai koyarwa a kulob, wanda kuɗinsa ya fi tabbas kuma Ghana tana buƙatarsa. Ga mai son yawo, Sunshine Tour ta Afirka ta Kudu da DP World Tour suna da gasar neman gurbi, kuma kana iya shiga da sunan amaca ka gwada ƙarfinka ba tare da ka rasa matsayinka ba. In ka sami katin shiga gasanninsu sai ka yanke shawara, in ba ka samu ba ka dawo yadda kake.

Ranar tsallakawa

Je wurin ƙungiyar ƙwararru ta Ghana, PGA, ka karɓi sharuɗɗan shiga a rubuce. Duk kwantiragin da aka kawo maka, a ba lauya ya karanta: kashi nawa mai tallafi zai ɗauka daga kyauta, shekara nawa, me zai faru in ka ji rauni, kuma kuɗin kyauta ne ko bashi. In ba ka kai 18 ba, iyaye ne ke sa hannu. Fasfonka ya zauna a hannunka, kada ka ba wani dillali ya ajiye maka. Ka gama duk gasar amaca da aka gayyace ka kafin ka cike fam na farko da sunan furo, sannan ka rubuta wa kulob ɗinka da GGA takarda, ka riƙe kwafi. In abin bai yiwu ba daga baya, ana iya neman komawa amaca ta hannun GGA. Jiran yakan fara ne daga wata 6, hukumar ce ke yanke tsawonsa, kuma kafin ya cika ba za ka shiga gasar amaca ba.